Kujeru Ɗari da Bakwai

Na aro sittin a makarantar firamare,
sauran daga cocin kan tudu,
na rubuta lamba da alli a gindin kowace
don kada wata ta yi ɓatan kai.

Aikina ke nan duk shekara a bikin unguwarmu, nan Valparaíso.
Ban iya kiɗa ba, ban iya zane ba,
kujeru kawai na sani.

Ximena ta cika bangon kanti da shuɗɗan kifaye,
fenti har gira.
Aníbal mai gyaran firji ya ja waya
daga tagar surukarsa zuwa dandali.
Ba tikiti, ba mai gadi,
ƙofar ma babu ita.

Ƙarfe tara aka ɗauke wuta.
Wuri ya yi tsit, har ana jin ƙugin jirgin ruwa can ƙasa.
Sai tsohuwa Eduvigis mai biredi
ta kife bokitin fenti, ta hau duka da tafin hannu,
mai jita ya lalubo ta cikin duhu,
yara suka ɗaga fitilun wayoyi.
Kowa ya miƙe,
aka bar mini kujeruna marayu.

Da asuba na ƙirga: ɗari da shida.
Na bi matakala ina haki, ina ƙunƙuni,
sai ga cikon a bakin wani lungu,
wani dattijo na barci a kai, takalmansa a cinya,
murmushi bai gama sauka daga fuskarsa ba.

Na zauna a ƙasa kusa da shi.
Masu coci su ɗan jira.