Abin da Duhu Ya Nuna

Fijon da Baba ya bar mini a Mabera
ran Litinin kiki ɗaya take tashi,
Talata kuwa sai tari, sai gurnani,
sai yaran unguwa sun zo turi.

Na kai ta garejin Ɗan'ige a Kwannawa.
Da ganinsa ta daidaita murya,
kamar yaron da ya hango allura.
"Mi yas same ta?" in ji shi. Na yi shiru.

Mun sauya fulogi. Mun wanke kafireta
da fetur cikin tsohon kwanon sha.
Mun kankare kan batir da ya yi furfura,
mun busa tiyon mai, mun sauke tanki
ko ruwa ya kwanta a gindinsa.
Kwana uku ta yi ladabi.
Ran na huɗu, a shataletalen Gawon Nama,
ta yi shaƙuwa ta mutu, rana tsaka,
buhun albasa biyu na gumi a but.

Daren Alhamis aka ɗauke wuta.
Na ɗaga bonet ina tsaki,
Asabe na bubbuga tocilan da ta ƙi kamawa.
Na ce Lawwali ya murza makulli.
"Baba, ga tauraro can yana tsalle!"

Shuɗin tartsatsi ne, ɗan ƙanƙane,
yana zillewa daga wayar kwayil
inda ɓera ya ɗanɗana roba.
Dubu goma sha bakwai na kashe da rana
ban gan shi ba.

Na naɗe wurin da salatif.
Ɓeran kuwa, ina nan ina jiransa.