Nonon Goɗiya

A hanyar Narin, inda duwatsu ke sanye da farar hula ko da bazara,
nan muke kafa tebur, ni da Bermet:
salka ɗaya, kofuna shida,
da kwalin da na rubuta wa "Nonon goɗiya, zalla."

Shekararta bakwai. Haƙoranta biyu sun faɗi,
in ta yi dariya iskar tudu ta giɓin take wucewa.

A makon nan goɗiyarmu ta rame.
Ɗanta ya mutu daren Talata, hantsarta ta ƙafe sai ɗigo.
Kafin alfijir na ɗebo na saniya na tuttula a salka,
na kaɗa, na kaɗa,
har fari ya haɗiye fari.
Na ɗauka barci take ƙarƙashin bargon kakarta.

Da hantsi wata babbar mota ta tsaya.
Direban, mai furfura har a gira, ya ce
mahaifiyarsa na kwance a Bishkek, ƙirji ya riƙe ta,
an ce a nemo mata na goɗiya.
"Zalla ne?"
Ban gama haɗiye yawu ba
Bermet ta ce, "A'a. Apa ta zuba na saniya.
Guga da rabi. Na gani."
Ta faɗa kamar mai cewa yau Alhamis.

Ƙasa ta ƙi tsagewa in shige.
Hannuna ya tashi da kansa,
ya yi rabin hanya zuwa kuncinta,
can ya sandare.
Wannan hannun ne ya nuna mata sama
ranar da ta ɓoye sukari a safa,
na ce, Wanda ya san adadin gashin tumakinmu
yana ganin cikin safarki.
Ashe ta riƙe maganar da hannu biyu.
Ashe ni ce na ajiye ta a kwanon yara.

Mutumin ya mai da kuɗinsa aljihu.
Bai zage ni ba. Da ma ya zaga.
Na nuna masa tantin Kalbubu, bayan kwanar can,
tata goɗiyar lafiya lau take.

Da dare surukata na tura busasshen kashin shanu a murhu,
ba ta dube ni ba, wuta take wa magana:
"Cikin sunayen Ubangiji akwai Gaskiya.
Kowane jariri da ita yake saukowa, kamar cibiya.
Mu ke yanke ta,
yau da harara, gobe da 'rufe baki, manya na ciniki,'
in ya girma mu riƙe haɓa
muna tambayar wa ya lalata shi."

Na je inda take. Ta juya wa bango fuska,
numfashinta irin na mai ƙaryar barci,
ƙarya ɗaya tilo da ta iya.
"Apa, na yi laifi?"
Maganar ta tsaya mini a wuya kamar ƙashi.
Na ce, "Ni na yi."
Ban taɓa faɗa wa yaro haka ba.
Uwata ma ba ta taɓa faɗa mini ba.

Sallar asubar ranar
goshina ya daɗe a ƙasa, ban roƙi komai ba.

Muka juya kwalin.
Ita ta rubuta, haruffa na gangarowa kamar awaki daga tudu:
"Haɗe da na saniya."
Motoci uku suka karanta suka wuce.
Ta huɗu ta sayi kofi biyu, a rabin kuɗi.

Da yamma ta jera sulallan a kan gwiwarta,
ta ƙirga, ta sake ƙirgawa.
"Apa, bai kai na jiya ba."
Na ce, "Haka ne, bai kai ba."
Muka tsoma gurasa a shayi,
goɗiyar na tsaye a waje, tana sansana inda ɗanta ya saba kwanciya.