A Hanya Muke

Baba ya ce mu ba 'yan nan ba ne, a hanya muke.
Kakansa ne ya sauke kaya a Mai Wurno,
wai jaki ya sha ruwa, da safe a wuce Makka.
Jakin ya sha. Jikokinsa ma sun sha.
Har yau muna jiran ya ƙoshi.

Shekara saba'in da ɗoriya
bai yarda an dasa mangwaro a tsakar gida ba.
"Wa zai sha? Matafiyi ba ya shuka itace."
Amma ya gina ɗaki huɗu da jan bulo,
ya haifi tara, ya binne biyu,
duk a cikin wannan ɗan yada zangon.

Likitan Sinnar ya ce, Malam Tanimu, shayin nan
sukarinsa ya yi yawa, a rage.
Ya dawo gida ya rage ruwan.

Akwai akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadonsa,
haramin da ya saya tun ina goye yana ciki.
Duk watan Shawwal sai ya fito da shi, ya shanya,
ya kore mu daga igiya kamar kaji,
ya ninke, ya mayar, ya ce baɗi.
Baɗi ta zo da tsutsar auduga.
Wata baɗin ta zo da kuɗin makarantar Batula.

Ranar Laraba ya wuce, bayan la'asar, bai sallami kowa ba.
Ni na jawo akwatin.
Farin ƙyallen nan yana ƙamshin sandal da daɗewa,
ya ishe shi daidai, kai ka ce tela ya auna.
Inna ta leƙo ta ce, "Ka ga mutumin nan?
Shi da ya ce tare za mu tafi."
Muka yi dariya har ta koma wani abu
da ba ni da sunansa, ko da Hausa ko da Larabci.

Kwana na uku Tajussir mai kanti ya shigo rumfar makoki
da littafin bashi a hammata.
Sukari, sukari, batir, sukari,
gefen kowane layi an rubuta: in ya dawo daga Hajji.
Na sa hannu a aljihu, ya riƙe mini wuyan hannu:
"A'a, ɗana. Alkawari ne tsakanina da shi.
Bari ya dawo."
Ya share ido da bakin rawani, ya sha shayinmu kofi uku.

Yanzu rediyonsa ba ta magana sai an mare ta,
kuma marin nawa ba ta san shi ba.
Takalminsa na bakin ƙofa, hancinsa na kallon gabas.
Ba wanda ya kawar.

Jiya na dasa mangwaron, Baba, ka yafe mini.
Na je kogi ɗebo masa ruwa
sai na tarar da wani jaki, kansa a cikin Nilu.
Na tsaya na ce masa, "Kai, ba ka ƙoshi ba?"
Ya kaɗa kunne, ya ci gaba da sha.
Na zauna a kan jarka
na jira shi har magariba.