Mai Bayani na Bakwai

Ran kasuwa ta sauko daga motar Dutse,
jaka a kafaɗa, takalmi duk taɓo.
Barira sunanta, daga jami'a,
wai digiri na uku take nema a kan kotunmu.
Na share mata benci da gefen riga.
Shekara ashirin da shida ina rubuta ƙara a ɗakin nan,
ba a taɓa tambayata komai ba
sai "Malam Haladu, yaushe za a zauna?"

Ta aje 'yar na'ura mai jan ido a kan tebur.
Ta ce: tsakanin shari'a da tsarin mulki,
wa ke goye da wa?
Na ce, 'yata, ni ba alƙali ba ne,
amma zo ki ga kabad.
Sama, littattafan fikihu masu jan bango.
Ƙasa, dokokin jiha da hatimin gwamnati.
Makulli ɗaya ke buɗe su,
shi ma sai an girgiza.

Na zaro mata fayil na arba'in da ɗaya.
Mati da Ilu, wa da ƙane, ciki ɗaya,
gonar fadama ce uban ya bari,
da wata aduwa a tsakiya.
Alƙali ya ji shaidu, ya taka da ƙafarsa,
aka ja igiya, aka raba.
Ilu ya ce an tauye shi da taki tara.
Ya sai da bijimi, ya ɗauki lauya,
takarda ta hau mota ta bar mu.

Can birni masu baƙar riga suka ce
ba a kai ga gona ba tukuna,
sai an san hurumin wa.
In gado ne, namu ne.
In rikicin fili ne, nasu ne.
Gonar kuwa ba ta san ko ita wacce ba ce,
ciyawa kawai take fitarwa.

Damina bakwai.
A ta shida kogi ya cika ya batse,
ya kwana uku a fadama,
ya tafi da aduwar har saiwa,
ya shafe kunya, ya shafe iyaka,
ya bar laka shimfiɗe kamar sabon allo.
Da ruwa ya janye,
Ilu ba bijimi, Mati ba iri.
Ban san wanda ya fara sallama ba.
Na dai ga buhunan shinkafa a amalanke guda,
suna ƙirgawa, suna musu a kan mudu.

Ta ce: to wace doka ce ta kashe maganar?
Na ce rubuta: ruwa.
Ta yi dariya har ta rufe baki da mayafi.
Na nuna mata bangon fayil,
rubutuna ne, da jan biro:
ana jiran umarni daga sama.
Har gobe ana jira.

Bayan shekara biyu direba ya miƙo mini kundi,
nauyinsa ya kai tubali, duk Turanci.
Jikana Sagiru ya bi da yatsa bayan isha'i.
Malaman ƙasashe sun yi magana a ciki,
kowa da sunansa da shekararsa.
Ni babu Haladu.
Mai Bayani na Bakwai aka kira ni,
wai don a rufa mini asiri.
Amma a gindin wani shafi,
da haruffa ƙanana kamar ƙwayar gero,
ga shi nan: ya ce ruwa.

Na kai shi kotu da safe,
na rasa inda zan sa shi,
sai na cusa shi a tsakiya,
fikihu a kansa, doka a ƙarƙashinsa.
Jiya na girgiza makulli na duba.
Gara ta fara karatu,
kuma ba ta tsallake kowa ba.