Muryar Gero a Cikin Kwalba

Gonata ta gabas da Gagarawa,
mai tsamiya biyu a kan iyaka,
shekara tara ke nan tana yi mini fure.
Baƙo ya wuce a kan babur, ya ce, kai, abin sha'awa!
Ni na san abin da furen nan ya sha.
Wuta-wuta ce.
Gero bai kai gwiwa ba ya tsufa,
dami arba'in ya koma sha ɗaya,
na sha ɗayan ma da tausayin mai ɗauri.

Na tuge har farce ya tsage.
Na ƙona. Na kai taki da jaki.
Ta dawo, kamar mai bin bashin da ya san ƙofar gida.

Sai ga Hansai, 'yar Mati mai faci,
wadda muka ce boko ya cinye a Dutse,
da igiya da turaku, da kwalba a jakar sanyi.
Ta durƙusa ta gaishe ni,
ta ɗebi ƙasa ta baza a tafin hannu.

Ta ce, Baba Jatau, irin yana nan,
ya fi garin tuwo laushi,
yakan kwanta shekara goma, bai mutu ba, bai tashi ba.
Jira yake.
Saiwar gero in ta ji yunwa
takan tsiyayo wani sinadari cikin ƙasa,
tana kiran ƙananan abokanta su kawo mata ci.
To, ɓarawo ma yana da kunne.
Da ya ji, sai ya tsiro, ya laluba, ya kafa baki.

Na ce, ashe zance ake yi a ƙarƙashin ƙafata
shekara sittin, ban ji ko tari ba.

Ta ce, an koyi muryar.
A ɗakin gwaji aka haɗa ta, ba gero, ba saiwa.
Za mu yi kira a gonar da ba kowa,
ya farka, ya miƙa hannu, ya ji wayam,
guzurinsa kuwa na 'yan kwanaki ne.

Na tuna maharban da,
masu ɗaura kan burtu a goshi,
suna rausaya cikin ciyawa har gada ta saki jiki.
Na ce, ku ma burtu kuka yi, na kwalba.
Ta yi dariya har biro ya faɗi.

Ta yanka kusurwar arewa gida huɗu.
Ruwa ya sauka, kowa ya fita shuka,
ni aka ce in jira.
A majalisa aka ce Jatau ya shuka feshi, zai girbe iska.
Na tambaye ta, zai yi kuwa?
Ta ce, da na sani, da ba a kira shi gwaji ba.
Rairayinku yana shanye abu da wuri.

Daren da aka yi feshin ban yi barci ba.
Na je na tsuguna a bakin igiya.
Ƙasa na ƙamshi, gyare na kuka,
can ƙasa dubbai suna tashi saboda an kira su,
ba kuwa wanda ya kira.
Abokan gabana ne, na sani.
Amma ɗana Shekarau ma waya aka yi masa,
aka ce akwai zinariya bayan Agadas.

Da kaka ta zo da littafi, tana bin kunya tana ƙirga fure.
Inda aka fesa, sittin da uku.
Inda aka bari, ɗari da arba'in da wani abu.
Na ɗaga hannu zan yi kabbara,
ta ce, a'a Baba, damina ɗaya ba ta isa shaida ba.

To, na bar turakun a inda suke.
Na hana yara su cire igiyar su ɗaure akuya.