Kujerar Roba

Mu tara ne a Aujara,
in ka ƙirga da Haladu mai faci,
da ya zana lauje a bangon shago,
ruwan bara ya wanke ƙotar.

Da aka ci zaɓe, manya suka ce mu matso.
Muka matso. Aka ba Tanimu kujera,
ta roba, can gindin janareta.

Taki ya zo, buhu ɗari uku.
Tanimu ya miƙe:
a duba gona, a daina duba hula.
Aka tafa masa.
Aka ba shi buhu biyu.

Ga mu tsugune gaban buhunan tun isha'i,
Haladu da tiya a hannu,
an rasa mai farke ɗinkin.