Akawun Sikeli

Ƙarfe biyun dare, tashar jirgi ta yi tsit.
Daga ni sai fitila da littafin awo,
sai Jatau mai haɗa taragu
yana gyangyaɗi a kan buhu.

Kuzar Riruwai ce ta iso da la'asar.
Mota bakwai aka taso,
shida suka shigo Kano,
ɗaya ta kwana a Kwanar Ɗangora, tayoyi sun fashe.
Direban ya ce da ni:
"Barau, kwalta takan yi haƙuri da albasa,
amma nauyin ƙasa, sai dai dogo."

Na yarda da shi.
Abin da zai karya bayan tirela talatin,
kan jirgi ɗaya yakan ja shi yana tari,
ya bi ta Challawa, ya wuce Zariya,
bai tsaya a shingen kowa ba,
bai miƙa wa kowa na goro ba.

Buhu na ɗari da tara ya yage a kusurwa.
Na tara hannu.
Baƙin yashi, sanyi ƙalau,
ƙanƙane a ido, a tafi kuwa kamar bashi.
Wata ce ta wanke shi a ƙwarya,
ruwa iya gwiwa, goyo a baya.
Ban san sunanta ba,
littafina ba shi da gurbin suna,
kilo kawai yake ci.

An ce daga Ikko sai teku.
Ni ban taɓa ganin teku ba,
iyakata inda jar fitila take, bayan gadar nan.
An ce can za a narka shi,
ya dawo mana gwangwanin madara,
ya dawo ɗigon dalma a cikin wayar aljihuna,
mu saya a Sabon Gari da tsada,
kamar ɗan da ya je birni
ya dawo ba ya gaida mutane.

Jatau ya farka, ya ɗaga tuta.
Ƙarfe ya ciji ƙarfe,
tarago ya faɗa wa tarago,
har magana ta kai na ƙarshe.
Ƙasa ta motsa a ƙarƙashin takalmina.

Na rubuta: tan ɗari huɗu, ba kaɗan.
Wannan kaɗan ɗin yana cikin farcena.
Shi ne rabon Kano.
Da shi zan yi alwalar asuba.